Kundin aikin ƙamus: inda kalmar "unreif" ta tsayar da ni

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Wata na biyar ke nan ina haɗa ɗan littafin kalmomin Jamusanci zuwa Hausa saboda 'yan'uwanmu mazauna Hamburg. Ba na malaman jami'a ba ne. Kalmomin da mutum zai ci karo da su a takardar makaranta, ko ta asibiti, ko ta ofishin baƙi, su nake bi ɗaya bayan ɗaya. Ƙamusoshin da ake da su, irin na Adam Mischlich da ya fito a Berlin a 1906 da na Irmtraud Herms da ya fito a Leipzig a 1987, daga Hausa suke kai mutum Jamusanci, domin Bajamushe mai neman Hausa aka yi wa su. Mu kuwa daga wancan ɓangaren muka taho.

Jiya bayan sallar Juma'a wani ɗan'uwa ɗan Damagaram, mai aikin lodi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa, ya ja ni gefe. Ya zaro takarda daga aljihun rigar sanyinsa, ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Sakamakon gwajin da likita ke yi wa yara kafin su shiga aji ɗaya ne. Ya ɗora yatsa a kan layi guda, ya ce, "Malam, duba nan. Ɗana suke ce wa marar hankali." Wani ne ya fassara masa haka a wurin aiki. Abin da ke rubuce shi ne "noch unreif". Yaron zai cika shida a watan Mayu, ya haddace daga Nasi zuwa Lam yakun, yana ƙirga da harshe biyu. Uban bai runtsa ba daren Alhamis.

Na ce masa ba zagi ba ne, kuma na tabbata da hakan. Amma da ya ce, "To me suka ce?" sai na rasa kalma ɗaya da zan ba shi. Da na dawo gida na buɗe littafina, na tarar tun watan Oktoba na rubuta: unreif, mai yarinta. Wannan fassara ba ta da amfani. Ka ce yaro ɗan shekara biyar yana da yarinta, ai ba ka faɗi komai ba, dama yaro ne. Na ja mata layi. Ba zan wuce harafin U ba sai na gama da ita.

Lahadi, 19 ga Janairu

Daga kantin kayan lambu na fara, don a can kalmar take da gidanta. Reif shi ne nunanne, un- kuma ɗafi ne mai kore ma'ana, kamar yadda mu muke cewa "marar" ko "rashin". Duk wanda ya taɓa sayen mangwaro a nan ya san unreif da hannunsa: ka latsa shi ka ji kamar dutse, ka ajiye shi mako guda a kan taga yana kallonka. Shi ya sa suke manna wa wasu takarda mai cewa essreif, wato ya nuna, ci kawai. Ayaba ma kore shar ake sauke ta daga jirgi, sai a kai ta ɗakunan nuna, Reiferei, a sakar mata iskar etilin har ta yi rawaya.

A nan na ga abin da ke ruɗa mu. Mu "ɗanye" ɗaya gare mu, su kuwa sun raba shi gida-gida. Ɗanyen nama roh ne. Ɗanyen mangwaro unreif ne. Ɗanyar madara ko ɗanyen ganye da aka tsinko yanzu, frisch za su ce. Haka "nuna": mu shinkafa a tukunya ta nuna, gwanda a bishiya ma ta nuna. Su ta tukunya gar ce, ta bishiya reif. Bajamushe ba zai ce shinkafar da ke kan wuta ta zama reif ba, domin reif na abin da ke nuna da kansa ne, a hankali, da kwanakinsa. Cukwi yana yin reif a ɗakin ajiya, alkama tana yi a gona. Wuta ba ta kawo shi.

Wannan bambancin ya fi duk abin da na samu a makon nan. Idan likita ta ce yaro unreif ne, ba ta ce an yi sakaci da wutar girkinsa ba. Cewa ta yi kwanakinsa ba su cika ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Aikin nahawu kawai. Ana furta ta "un-raif", da nauyi a gaɓar farko, don "ei" a Jamusanci "ai" ake karanta ta. Idan ta zo bayan aikatau ba ta sauyawa: die Banane ist unreif. Idan ta zo gaban suna sai ta ɗauki wutsiya: ein unreifer Apfel, eine unreife Banane, ein unreifes Kind. Sunanta die Unreife, kishiyarsa die Reife. Na sa gargaɗi a ƙasan shafi cewa der Reif da babban baƙi raɓar sanyi ce da ke daskarewa a kan ciyawa, der Reifen kuma tayar mota. Kada mai karatu ya haɗa su.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mako biyu na yi a kan maƙwabtan kalmar, don ba a sanin gona sai an san iyakarta. Na farko kindisch da kindlich. Duka daga Kind, wato yaro, amma wutsiyar ce ke raba su. Kindlich ba ta da aibi: murnar yaro, tambayar yaro, zuciyar da ba ta san ƙulli ba. Dattijo ma ana iya yabonsa da ita idan yana farin ciki da ƙaramin abu. Kindisch kuwa tsawa ce. "Sei nicht kindisch!" daidai take da mu ce wa babba, "Kai, bar wannan shirmen, kai yaro ne?" Wutsiyar -isch tana yawan yin wannan aiki: herrlich abu ne mai ƙayatarwa, herrisch mutum ne mai gadara da son ba da umarni, alhali duka tushensu ɗaya da Herr.

Don haka na rubuta: kindlich, na ƙuruciya; kindisch, na shirme, na wauta irin ta yara a wurin wanda ya wuce nan. Ashe "mai yarinta" da na sa wa unreif a watan Oktoba ta kindisch ce. Kindisch hali ne na lokaci guda, mutum na iya yin sa da safe ya daina da yamma. Unreif matsayi ne da mutum yake a kan hanyarsa ta girma, ba a daina shi da tsawa.

Sai na ci karo da launi. Jamusawa na cewa wane "noch grün hinter den Ohren", wai bayan kunnensa kore ne har yanzu, suna kuma kiran sabon yaro mai rawar kai Grünschnabel, mai koren baki irin na tsuntsu. Ɗan bana-bakwai na sa masa. Abin ya burge ni, domin mu ma launin ɗanyen haki muke cewa. Su sun ɗauki launi sun ba wa ɗanyantaka, mu mun ɗauki ɗanyantaka mun ba wa launi.

Ɗanyen kai da ɗanyen aiki sun ja hankalina, har na rubuta su, daga baya na goge. Ɗanyen aiki a wurinmu ya ɗauki ɓarna, wani lokaci har da ta'asa. Wanda ya yi ɗanyen aiki ba a jiran ya nuna, hukunci ake masa. Da na ce wa uban nan ɗansa ɗanye ne, da na ƙara masa ciwo.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Yau na raka ɗan'uwan nan da matarsa ganawa da malamar rukunin yaron, ni ne tafinta. Ɗan ƙaramin ɗaki, kujerun yara, gwiwoyinmu sun kusa taɓa haɓa. Malamar ta fito da zanen da yaron ya yi, ta ce kansa lafiya lau, ƙirga da gane siffofi ya wuce wasu sa'anninsa. Abin da suka lura shi ne idan aka cinye shi a wasa sai ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa, kuma zama wuri ɗaya yana yi masa wuya, alhali darasi a aji ɗaya minti 45 ne. Ta ambaci Zurückstellung, wato a jinkirta masa shiga da shekara guda, ta ce shawara ce da za a duba tare da su. Ta kuma ce yanzu ma'aikata da yawa sun bar cewa Schulreife sun koma Schulfähigkeit, don tsohuwar kalmar tana sa a ɗauka jira kawai za a yi, alhali akwai abin da gida da makaranta za su yi.

Uwar ba ta ce uffan ba sai da muka fito bakin titi. Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, wato bai ƙosa ba ke nan?"

Na tsaya cak. Wata ɗaya da rabi ina neman wannan kalma, ga ta a bakin matar da ta tashi a gidan noma. Na ce, "Ita ce, Hajiya." Mijin ya yi shiru, can ya ce gero ma ba rana ɗaya yake ƙosawa ba ko da a gona ɗaya aka shuka shi, wani zangarniyarsa ta isa a gasa tumu, na kusa da shi yana nan da ruwa-ruwa a ido. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ƙosa ta fi nuna dacewa da mutum, domin nuna tana kai ga laushi da zaƙi, ƙosa kuwa cika ce da ƙwari, ido ya kama, abu ya isa a dogara da shi. Na rubuta ta a bayan tikitin jirgin ƙasa kafin in iso gida.

Maganar malamar ma na riƙe ta. Manomi ba ya ja wa gero zangarniya don ya yi sauri, amma yana noma, yana maimai, yana korar tsuntsu. Zan sa wannan a bayanin da ke ƙasan kalmar, don kada iyaye su ji "bai ƙosa ba" su naɗe hannu.

Lahadi, 9 ga Maris (azumi)

Bayan sahur nake aiki yanzu. Na bi Reife cikin takardun hukuma, na ga ta cika ko'ina. Shaidar da ake samu bayan aji goma ana kiranta mittlere Reife, ƙosawa ta tsakiya. Abitur, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a, sunan shaidarta a hukumance allgemeine Hochschulreife. A Ostiriya da Suwizalan Matura suke cewa, daga kalmar Latin mai wannan ma'ana. Wato ɗalibi a nan ba cin jarrabawa kaɗai yake yi ba, shaida ake ba shi cewa ya ƙosa.

A asibiti ma haka. Jaririn da aka haifa kafin mako 37, bakwaini a wurinmu, za a ji likita na cewa huhunsa unreif ne, kuma idan ana tsoron haihuwa za ta zo da wuri akwai allurar da ake yi wa uwa don Lungenreife, ƙosawar huhun jariri. Wannan shafin na yi masa alama da ja. Mace tana kwance cikin tsoro, bai kamata ta ji kalmar ta ɗauka an ce ɗanta nakasasshe ne ba.

Sai kotu, inda kalmar ke iya raba mutum da gidan kaso. Yaron da bai kai 14 ba doka ba ta kama shi da laifi. Daga 14 zuwa ƙasa da 18, sashe na 3 na dokar shari'ar matasa ya ce ana kama shi ne idan ya ƙosa, reif genug, a tarbiyya da tunani har ya gane abin da ya yi ba daidai ba ne, kuma yana iya aiki da wannan ganewar. Daga 18 zuwa ƙasa da 21, sashe na 105 ya bai wa alƙali damar yi masa hukuncin matasa idan ya ga girmansa na ciki bai wuce na matashi ba. A irin wannan zama, a ce saurayi unreif ne sauƙi ne a gare shi. Tafintan da ya juya ta da "wawa" a gaban iyaye ya cuce su, don za su tashi suna kare ɗansu daga maganar da ke taimakonsa.

Asabar, 22 ga Maris

Wata kalma ta shigo da ban shirya mata ba: unmündig. Da farko na ɗauka daga Mund take, wato baki, har na yi murna, don "ba shi da ta cewa" ta zauna daram. Da na bincika sai na ga ba haka ba ne. Daga tsohuwar kalma Munt take, mai nufin kariya da ikon da mai gida ke da shi a kan waɗanda ke ƙarƙashinsa. Daga nan aka samu Vormund, waliyyin maraya, da Mündel, marayan da ake riƙo, da bevormunden, yanke wa babba hukunci kamar shi yaro ne. Mündig shi ne wanda ya fita daga hannun waliyyi. A Jamus ta Yamma shekara 21 ce iyakar har zuwa 1 ga Janairu, 1975, lokacin da aka mayar da ita 18. Zaɓen addini kuwa tun daga 14 yaro ke da ikonsa, religionsmündig, bisa wata doka ta 1921. Iyayenmu da yawa a nan ba su san da wannan ba, don haka ta samu shafinta.

A wurin tafsiri bayan la'asar aka zo aya ta 6 a Suratun Nisa'i, inda aka ce a jarraba marayu har su kai munzalin aure, idan an ga shiriya a tare da su sai a miƙa musu dukiyarsu. Bayan an tashi na tsaya wurin dattijon da ke ja mana baƙi, na ce, "Baba, ashe sharaɗi biyu ne?" Ya ce, "Biyu ne, ɗana. Balaga daban, rushdi daban. Wani ya balaga amma ka ba shi dukiya kwana uku ba za ta yi ba." Da wannan na warware shafin. Balaga ita ce geschlechtsreif, ta jiki. Rushdi, wato mutum ya mallaki hankalin kansa ya san ciwon kansa, shi ne Reife ta ciki. Miƙa masa dukiyar kuma, a sake masa ragama, shi ne mündig.

Wannan kalmar ce masanin falsafa Immanuel Kant na Königsberg ya gina maƙalarsa a kanta, wadda ta fito a wata mujallar Berlin a watan Disamba na 1784, inda ya ce wayewa ita ce fitar mutum daga Unmündigkeit da shi ya jawo wa kansa, wato kasa aiki da hankalinka sai wani ya ja ka, kuma ya ɗora laifin a kan lalaci da tsoro. Masu juya ta zuwa Turanci da dama sun sa kalmar da ke nufin rashin ƙosawa, shi ya sa wanda ya biyo ta can yake haɗa ta da unreif. A ganina Hausa za ta fi kamo ta: zama a hannun waliyyi bayan ka isa riƙe kanka. Mangwaro ba ya jawo wa kansa ɗanyantaka, amma mutum yana iya ƙin karɓar ragamarsa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Bayan salla na nuna wa wata abokiyar aikina Bajamushiya shafin, ta karanta fassarar da na yi mata baki da baki, ta girgiza kai. Ta ce na yi wa kalmar ado da yawa. A kan yaro, i, haka take. Amma idan mace ta ce game da mutum ɗan shekara 40 "er ist einfach unreif", ba jira take nufi ba, ta yanke ƙauna ne: mutumin da ba ya ɗaukar nauyi, ba ya karɓar laifinsa, kullum wani ne ya jawo. Ta ce a wurinta wannan ta fi kindisch zafi, don kindisch abu ɗaya ka yi, unreif kuwa kai ɗin ne gaba ɗaya.

Gaskiya ta faɗa. Na koma takardar likita da na kwafa a watan Janairu, na ga rabin sauƙin da na ji a cikinta daga ƙaramar kalmar da ke gabanta yake: noch, tukuna. Noch unreif, bai ƙosa ba tukuna. Idan aka cire tukuna, aka ɗora ta a kan mai gemu, sai ta koma abin da muke cewa ya girma bai san ya girma ba. Dole shafin ya rabu biyu, kuma in gargaɗi masu koyo kada su jefa wa babba ita a wurin aiki suna zaton magana ce mai laushi.

Ta ƙara min da cewa idan shiri ne ko na'ura da ba a gama tace su ba, an fi cewa unausgereift. Na sa ta a matsayin 'yar'uwa, da "bai nuna ba" a gabanta, don mu ma muna cewa magana ba ta nuna ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ga yadda shafin ya tsaya yau. Unreif, sifa. Na ɗaya, ga 'ya'yan itace da amfanin gona: ɗanye, bai nuna ba, bai ƙosa ba. Na biyu, ga jariri ko yaro ko matashi, galibi tare da noch, a bakin likita ko malami ko alƙali: bai ƙosa ba tukuna, ba zagi ba ne, ba kuma maganar ƙwaƙwalwa ba ce sai an faɗi haka a fili. Na uku, ga babba: bai san ciwon kansa ba, ya girma bai san ya girma ba, suka ce mai nauyi. A ƙasa na tura mai karatu zuwa kindisch, kindlich, unmündig da roh.

Na karanta wa mutum shida bayan sallar Juma'a, biyu 'yan Nijar, uku 'yan Najeriya, ɗaya ɗan zangon Kumasi. Na Kumasin ya ce ƙosa a kunnensa gajiya ce, kamar a ce "na ƙosa da jira", don haka zan ƙara misalin gero a gefe don ma'anar ta fito. Ɗan'uwanmu na Damagaram yana cikinsu. Shi da matarsa sun amince da jinkirin shekara guda, an kuma sa yaron a rukunin wasan ƙwallo na yamma don ya saba da a ci shi ya ci wani. Ya ce in ba shi kwafin shafin zai kai wa wanda ya fara fassara masa takardar.

Saura frühreif, yaron da ya riga sa'anninsa, wadda nake jin "ya fi shekarunsa" za ta ɗauke ta, da jerin masu wutsiyar -reif irin su urlaubsreif, wanda gajiya ta kai shi ga buƙatar hutu, da schrottreif, abin da ya lalace sai bola. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan shiga Unterhalt da Unterschrift.